Priskila Mai Tattasai

Duk wanda ya zauna Diffa a shekarun nan, in ka ce masa Madam Priskila, kafin ka rufe baki zai ce maka mai tattasai. Kirista da Musulmi haka suka san ta. Ni kuwa na san ta tun ba ta da ko rabin buhu, lokacin da muke haya gida ɗaya a bayan tasha, ƙofarta na duban tawa. Sunana Miriam, mijina malamin lakwal ne, wato makarantar boko, ni ce kuma mai jan waƙa a zumuntar mata ta majami'armu. Abin da zan faɗa, wani da idona na gani, wani ita ta gaya mini da bakinta.

Ƴar wani ƙauye ce kusa da Dungas, kudu da Damagaram. Ubanta ya rasu tana ƙarama, uwarta, wadda kowa ke kira Inna, ta rene ta da kuɗin ƙuliƙuli da man gyaɗa. In Inna ta yi ciniki, kafin ta sayi ko gishiri sai ta ware na Ubangiji ta ƙulle a bakin zane har ranar Lahadi. Sauran a ci, in maƙwabta ba su ɗora tukunya ba a aika musu. Gari ya waye a sake. Priskila ta tashi tana zaton haka kuɗi suke ko'ina: su shigo, su yi aikinsu, su fita.

A 1991 aka turo mijinta Étienne Diffa, aikin allurar dabbobi. Suka zo da ƴarsu guda, Bege, ba ta isa shiga lakwal ba tukuna. Mu Kiristocin garin ba mu da yawa a lokacin, kuma kusan dukanmu baƙi ne, ma'aikatan gwamnati da sojoji da ƴan kasuwa kaɗan daga kudu. Kowa zaman jira yake, yau ko gobe a canza masa wurin aiki. Ba wanda ke dasa itace a tsakar gida. Majami'armu ɗakin laka ce mai rufin zana, in hadari ya taso sai Fasto Markus ya gajarta wa'azi.

Étienne mutum ne mai sanyi. Yana da wata addu'a da yake yi kullum in an kawo abinci, har mu maƙwabta muka haddace ta: Ubangiji ya ba su abin da zai ishe su, kada ya ba su abin da zai ɗauke musu hankali.

Priskila takan ce, "Baban Bege, ka bari a ba mu tukuna mana, mu ga ko hankalin zai ɗauku."

Shi kuwa sai ya yi murmushi ya sa hannu a tuwo.

Sai albashi ya fara tsallake wata. Tun ana cewa gobe, har aka daina tambaya. Ana cikin haka aka karya darajar sefa, kayan kanti suka tashi, maza suka riƙa fita biro, wato ofis, da safe don kawai kada a gan su zaune a gida. Mun sha kunu da rana, mun sake shan sa da yamma.

Wata rana Étienne ya dawo daga Shetimari da kaya a bayan babur. Wata Babarbariya mai suna Yakaka, wadda ya ceto wa awaki daga ciwo, ta ba shi busasshen tattasai rabin buhu, don ba ta da abin ba shi sai shi. Priskila ta daka, ta haɗa da citta da kanumfari da ƙuliƙuli, irin yajin da Inna ta koya mata, ta ƙulla a leda ta kai tasha. Masu tuwo da masu balangu suka saye tas. Da ya ƙare ta hau motar kasuwa ta je neman Yakaka da kanta.

Yakaka doguwar mace ce, ta girme ta nesa ba kusa ba. Mijinta ya rasu ya bar mata gona a bakin kogin Komadugu da ɗa magidanci, Bukar. Hausarta ta Barebari ce, in magana ta yi zafi takan kira mace da "kai". Ta zaga da Priskila gonar, ta nuna mata kogi na gudu, ta nuna mata rabin gonar a bushe.

"Kin gani, Madam? Ga ruwa, ga ƙasa, ga mai aiki. Abin da babu shi ne inji. A nan mai inji shi ne mai gona, mu sunanmu kawai ke kai."

Priskila ta dawo gida ta yi ta juya maganar. Daga ƙarshe ta sayar da kekenta na ɗinki da kwanukan aurenta, Bukar ya ƙetare kogi ya sayo tsohon injin ban ruwa daga Najeriya. Suka yi magana a gaban bulaman ƙauyen: ita da inji da isansi, wato fetur, da taki, su da gona da ƙarfi, in an tsinke a raba. Shekarar ta yi kyau. Na tuna ranar da ta kai ni gani, wajen Nowel, wato Kirsimeti. An shanya tattasai a kan rairayi, ja wur har iyakar ganinka, in iska ta kaɗo sai atishawa da hawaye. Priskila ta tsaya tana dariya tana share ido tana cewa, "Miriam, dubi alherin Allah." Ban sake ganin ta cikin farin ciki irin na ranar ba.

A 1997 Étienne ya tafi daji wajen makiyaya, zazzaɓi ya kama shi can, kafin a iso da shi gari ya cika. Muka binne shi a ɗan filin da aka ba mu a bayan gari. Da aka watse daga zaman makoki Priskila ta ce mini gida za ta koma, wajen Inna, da zarar an gama tsinkar shekarar. Har ta ɗaure akwatunanta.

Da aka gama tsinka, Yakaka ta zo mata da wasu maƙwabtanta, kowa da gona ba inji. Kuɗin fanshon Étienne bai fito ba, takardu sun maƙale a Yamai. Bege kuma na dab da shiga koleji. Priskila ta ce to, shekara ɗaya, a taimaki bayin Allah, ita ma ta samu abin komawa da shi. Akwatunan suka zauna a ɗaure a kusurwar ɗaki har gara ta ci igiyar.

Inji ɗaya ya zama biyu, biyun suka haifi wasu. Ta kama magaza, ɗakin ajiye kaya, kusa da kasuwar tattasai. Ta koyi Barbarci, ta koyi canjin naira da sefa, ta san wane direba ne ke sayar da buhu a hanya ya ce faɗuwa ya yi. Ranar Talata, in kasuwa ta cika, za ka same ta tsaye a bakin kamiyo, babbar motar kaya, da ƙyalle ɗaure a hanci, tana faɗa da dillalai da murya irin ta maza. Abin da ta sa wa hannu sai ya yi albarka, haka kowa ke faɗa.

Ba ta da rowa, wannan ko mai ƙin ta ya shaida. Ita ta yi wa majami'a rufin kwano, ita ta sayi bencina. Hatsin gidan Fasto Markus daga magazarta yake fita. Wanda aka kwantar a asibiti, da wanda aka koro daga lakwal, da sojan da aka canza wa gari ba shi da kuɗin motar iyali, duk ƙofarta suke nufa. Can Dungas kuma dangi suka tuna cewa suna da ƴar'uwa a gabas. Takan ce mana dukiyar ba tata ba ce, ajiya ce aka ba ta, mai ita zai tambaya. Da gaske take faɗa, mun kuma yarda.

Amma wani abu ya canza a zumuntar mata, ba kuma ita ta canza shi ba. Da, in ta ɓata waƙa dariya muke yi mata. Yanzu in ta ɓata sai duk mu bi ta a ɓatan. In ana shawara sai a yi shiru a ji ta bakin Madam, abin da ta ce shi ke nan. Aka daina kiran ta Maman Bege. Ba wadda ba ta taɓa cin alherinta ba a cikinmu, har ni, kuma wadda aka biya wa kuɗin karatun ɗa ba ta iya buɗe baki ta ce Madam gishirinki ya yi yawa.

Wata rana ta ce mini, "Miriam, yaushe rabon da wani ya ce mini na yi kuskure? Ko na zama mala'ika ne ban sani ba?"

A shekarar 2000, ana tsakiyar tsinka, wani direban Damagaram ya kawo saƙon baki: Inna ba lafiya, tana neman ta. Ranar kuwa motoci na bakin magaza an yi rabin lodi, manoma na jiran a sayar a raba su sayi hatsi. Isansi ya yanke a gari, in ba a samo ba furen tsinka ta biyu zai zube. Babu wanda zai tsaya mata. Manoman ba su yarda da kowa ba sai ita, masu saye na Najeriya ma haka. Ta aika da kuɗin magani, ta ce tana tafe bayan kasuwar Talata. Da kasuwa ta tashi ta hau mota. Hanyar Damagaram a lokacin duk ramuka ce, motar ta lalace a Gudumariya. Da ta isa ƙauyen, tabarmin gaisuwa ta tarar a ƙofar gida.

Ba wanda ya zarge ta, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Kawunnanta suka ce ai ta yi ƙoƙari, da kuɗinta aka yi jinya, da kuɗinta aka yi akwati. Wata gwaggonta ce kawai ta ja ta gefe ta gaya mata cewa Inna ba ta taɓa kuɗin da ta aiko na ƙarshe ba, ta tura su ƙarƙashin matashi ta ce ba su ta kira ba. Kafin ta bar garin, waɗanda suka zo gaisuwa da safe sun dawo da yamma da buƙatunsu.

Da ta dawo ta roƙe ni in raka ta gidan Fasto Markus. Dattijo ne siriri, ɗan wajen Maraɗi, ya riga mu duka zuwa Diffa. Muka same shi a inuwar bishiyar bedi yana ɗinke takalminsa.

"Baba," ta ce, "kai ka koya mana labarin saurayin nan mai dukiya, wanda Ubangiji ya umarta ya sayar ya raba ya bi shi, ya kasa. Ni ce shi ko ba ni ba ce? In ni ce ka faɗa mini, gobe in sayar."

Fasto ya ajiye takalmin. Ya juyo ya dube ta.

"Ƴata, tuwon da na ci yau hatsinki ne. In na ce ki riƙe, ba za ki san ko ni ke magana ko cikina ba. Ni ma ba zan sani ba. In kuma na ce ki sayar, wa zai saya? Wani mai kuɗi ne, wanda ba zai duba Bukar yadda kike duba shi ba. Na sauke miki kaya ke nan na ɗora wa gidaje da yawa."

"To ya zan yi, Baba?"

"Ban sani ba. Abin da na sani, ba yawan abin da ke hannu Ubangiji ke dubawa ba, wanda ke mulkin zuciya yake dubawa. Wannan kuwa ba ni iya hango shi daga nan. Ke kaɗai za ki leƙa."

Muka yi addu'a muka fito. A hanya ta ce, "Ashe har fastona na saye ban sani ba."

Ta gwada wata hanya. Ta daɗe tana jin nauyin rabon da ake yi. Bukar da ƴaƴansa ne ke duƙe cikin laka tun damina, sauro na cin su, amma in an fidda kuɗin isansi da taki aka raba, ita ke tashi da kaso mai tsoka. Shekarar sai ta ƙara wa manomanta. Labari ya bi bakin kogi, manoman wasu masu inji suka fara ɗaga murya. Sauran ƴan kasuwa suka aiko mata da dattijonsu, ya gaishe ta da ladabi, ya ce ita baƙuwa ce an riƙe ta da mutunci, kada ta ɓata tsarin da ta tarar. Ta ce ta ji, amma ba ta janye ba. Talatar da ta biyo baya ba ɗan dako ɗaya da ya taɓa buhunta, direbobi suka ce duk an riga an kama su. Tattasai ya zauna a magaza har farashi ya faɗi, manoman da ta so taimaka wa suka tashi da abin da bai kai na bara ba. Yakaka ce ta zo da kanta.

"Ƙanwata, mayar da shi yadda yake. Kin ga raƙuman ayari, igiya ɗaya ce ta haɗa su duka. Kai ka fizga, mu muke jin zafi."

Ta mayar. Abin da ta kasa ba su a rabo sai ta riƙa ba su da sunan kyauta, buhun gero yau, kuɗin magani gobe. Su kuwa suka riƙa durƙusa mata suna godiya a kan abin da ita ta san guminsu ne.

Wajen 2004 wani mai wa'azi ya ƙetaro daga Najeriya, aka ba shi taron ƙarshen mako. Saurayi ne mai kwat da lasifika. Ya ce talauci ba rabon ɗan Allah ba ne, wanda ya shuka baiko zai girbe ninki ba ninki. Wani ya riga ya ba shi labarin Priskila. Ranar Lahadi ya kira ta gaba, ya ɗaga hannunta sama kamar wadda ta ci kokawa.

"Ku dubi wannan! Mijinta ya mutu, baƙuwa ce a garin nan, amma ta ba da gaskiya, Allah ya buɗe mata. Ke da har yau kike wankau a gidan mutane, tambayi kanki ina bangaskiyarki take!"

Akwai wata Delu a cikinmu, mai wankau, wadda ba ta taɓa fashin sujada ba, ita ke sharar majami'a tun tana da rufin zana. Ina kallo ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta fita ta ƙofar baya. Priskila ta zare hannunta. Ta ce a gaban kowa, "Malam, Delu ta fi ni bangaskiya. Ni inji na saya a shekarar da kogi ya yi kyau." Ta wuce bayan majami'a ta zauna a tabarma tare da tsofaffi.

Ba ta tsira ba. Wasu suka ce ta kunyata baƙo, ta raina alherin Allah. Wasu suka ce tawali'un masu kuɗi ne, na a gani a yaba. Delu kanta ta daɗe tana kauce mata, don ba ta so a yi ta nuna ta da yatsa. Daga ranar Priskila ba ta sake zama a benci ba, amma ba a jima ba aka samu wanda ya sayo sabuwar tabarma ya shimfiɗa mata ita kaɗai.

Sai shekarar da kogi ya wuce iyakarsa. Ruwa ya shigo gonaki ana dab da tsinkar fari, ya kwanta a kan tattasai, ya tafi da wasu injuna, wasu kuma laka ta cika su. Duk abin da ta zuba a bakin kogi shekarar ya bi ruwa. Na je yi mata jaje, na same ta ita kaɗai a magaza, babu buhu ko ɗaya, tana ɓare gyaɗa tana ci. Fuskarta wasai.

"Miriam, kada ki gaya wa kowa. Tun da aka kawo mini labari nake jin kamar an sauke mini tulu daga ka. Ban sayar ba, ban gudu ba, Mai abu ne ya karɓi abinsa. Yanzu wa zai ce kada in tafi?"

Washegari da ta buɗe ƙofa ta tarar da su zaune a gindin katanga, Bukar da manoman Shetimari da na ƙauyukan gaba, wasu da laka a ƙafa. Ba wanda ya roƙe ta. Suka gaishe ta, suka yi mata jaje, suka ci gaba da zama. Da rana ta ɗaga Bukar ya ce gidajen wasu sun rushe, mata da yara na kan tudu. Ya ce in ruwa ya janye ana iya saka albasa da alkama a ci kafin damina, in akwai inji. Ya ce tsohuwa, wato Yakaka, ta ce a gaya mata ba dole.

Priskila ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Tana da shanu da ta ba wani Bafillace kiwo, waɗanda ta ajiye don tsufanta. Da ta fito ta aika a kora su kasuwa, Bukar ya sake ƙetare kogi sayen injuna. Ba a ɗauki shekaru ba ta mayar da abin da ta rasa har da ƙari. Mutane suka ce ka ga wadda Allah ya so. Ita kuwa ta daina magana a kan abin.

A 2008 Bege, wadda ta gama karatun ungozoma ta yi aure a Damagaram, ta haihu. Lokacin tari ya kama Priskila, ƙurar tattasai ta shekara da shekaru ta zauna mata a ƙirji, likita ya ce ta bar magaza. Yakaka kuma ta riga ta rasu, ta tafi da bakin da ya rage mai gaya mata gaskiya. Wannan karon ta shirya da gaske. Ta damƙa wa Bukar makullai, ta kai shi gaban masu saye ta ce daga yau shi ne ita. Ta ware abin da majami'a za ta riƙa samu. Muka yi mata waƙar ban kwana, muka raka ta tasha, muka yi kuka.

Aka yi suna a Damagaram, ta wuce ƙauyensu, inda ta gina gidan siminti bayan rasuwar Inna, gidan da ba ta taɓa kwana a ciki ba. Tun ba mu gama sabawa da rashinta ba sai ga ta a Diffa.

Muka zaci Bukar ne ya yi ɓarna. Ina! Lafiya lau yake riƙe da komai, har ya fi ta iya tafiya da direbobi. Na je na same ta ni kaɗai.

"Maman Bege, wa ya kira ki?"

"Ba kowa. Shi ne abin." Ta yi tari, ta sha ruwa. "Na zauna a gidan can na ƙauye, ga inuwa, ga iska mai kyau, tarin ma ya lafa. Na ce yanzu zan yi addu'ar da na daɗe ban yi ba. Sai in rufe ido in ce Ubanmu, sai in ji ina tambayar kaina nawa buhu ya kai ranar Talata. In sake farawa, sai ga canjin naira. Salula na hannuna kamar jariri, ina jira ta yi ƙara. In ta yi shiru sai in ji haushi, wai ashe in ba ni ma abin na tafiya. Shekara da shekaru ina cewa mutane ne suka riƙe ni, manoma da fasto da dangi. Sun sake ni, Miriam. Na duba na ga ni ce na kasa tashi. Ban san ranar da abin ya shige ni ba."

Na ce mata ai ta yi alheri da yawa, Allah ba zai manta ba.

"Na sani. Alherin gaskiya ne, son abin ma gaskiya ne. Sun cuɗe kamar gari da ruwa, ba ni iya raba su."

Ta koma magaza. Bukar ya mayar mata da makullai tun ba ta tambaya ba, ta karɓa.

Alhamis da ta biyo baya ta zo zumuntar mata. Da aka zo wajen roƙon addu'a kowa ta faɗi nata, mai ciwon ƙafa, mai ɗa a soja, mai neman haihuwa. Priskila, wadda ba ta taɓa roƙon komai a wajenmu ba, ta ɗaga hannu ta ce ita ma a yi mata.

Shugabar mata ta ce, "A kan me, Madam? Tarin ne?"

Ta ce ba tarin ba ne. Muka jira. Sannan ta ce, "Ku dai yi."

Wadda aka ba addu'ar, baiwar Allah, ta rasa ta inda za ta kama, sai ta roƙi Ubangiji ya ƙara buɗa wa Madam, ya tsare mata motocinta a hanya, ya sa tattasan bana ya yi daraja. Muka ce amin. Ita ma ta ce amin, a hankali.

Da aka tashi, wata amarya, matar sabon jandarman da aka turo, ta biyo ta bakin ƙofa tana murza gefen mayafi, ta ce tana da ƴar magana. Priskila ta tsaya, ta jingina da bango har tarin ya wuce, sannan ta ce, "Ina jin ki, ƴata."